Jaririn da kuka gani a bayana

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da kowa na gida. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Na ji matar Yaya Babba ta warware daga zazzaɓi, alhamdu lillahi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Gwaggo, dalilin wannan takarda shi ne hoton da na aiko, wanda na ji ya hana Inna cin abinci, ya hana Baba zama a ƙofar gida. Wallahi ban haihu ba. Jaririn da kuka gani goye a bayana na roba ne. Kafin a raba mu ƙauyuka an yi mana horo, aka ba kowa irinsa don mu nuna wa iyaye mata yadda ake auna nauyin yaro, da yadda ake ba shi ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama shi. Malamarmu ba ta wasa. Duk wanda ya yar da nasa, sai ta tsayar da shi gaban aji ya ba robar haƙuri.

Ranar da na iso ƙauyen nan, ina kwance kaya a tsakar gida sai na jawo shi daga jaka ta ƙafa ɗaya. Tsohuwar da aka sauke ni a gidanta, wadda idonta ya yi rauni, ta kurma ihu, ta fizge shi, ta biyo ni da tsintsiya. Ni kuma a lokacin gaisuwa kaɗai na iya a harshensu, don haka duk zagin da ta auno mini sai in amsa mata da lafiya lau. Da ta shafa ta ji roba ne, ta yi dariya har da zama a ƙasa, amma aka fassara mini cewa ta ce ko na mene ne, a gidanta ba a sa yaro a jaka. Ita ta goya mini shi da zanenta, aka ɗauki hoton.

Ashe alheri ne. Matan ƙauyen sun ƙi kawo yaransu awo, wai ma'aunin irin na mahauta ne. Sai tsohuwar ta rataya jikan nata na roba a kai a gabansu. Suka ga ko motsi bai yi ba, har wata ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai haƙuri irinsa ba. Daga nan suka fara miƙo nasu. A cikinsu muka samu wata yarinya da ta rame sosai, muka garzaya da ita asibiti. Yanzu har tana rarrafe. Matsalar da ta rage ita ce malama na son a mayar mata da kayan horo, tsohuwa kuwa ta ɗinka masa hula, ta ce babu mai fita da jikanta daga gidan.

Don Allah ki lallashi Inna, ki ce wa Baba ya koma tabarmarsa. Ki gaishe mini da Kawu, da Yaya Babba da iyalinsa, da Auta. Auta ce ta tsegunta mini cewa duk faɗan da kike yi, kin sayo kayan jarirai kin ɓoye a ƙasan akwati. Kada ki mayar da su kasuwa, Gwaggo. Ki aiko, daidai jikin yarinyar nan ne.

Taki har kullum,
'Yar ɗakinki