Gorar da Ba Ta da Alama

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga ba rubutuna ba ne. Ni ke faɗa, ƙanwarki, matata, ke rubutawa, wai kuma hararata take yi, in ji ta. Sai dai in yarda, don ba na gani sosai. Gara in faɗa miki kai tsaye: kwanana huɗu a asibiti, kuma idanuna ake ƙoƙarin cetowa.

Kin san aikina, wanda kike kira wasan manya. Motocin tsere masu tarbo nake gyarawa. Tarbo kan ɗura wa inji iska da ƙarfi, iskar ta ɗau zafi, in abin ya yi yawa inji ya fara ƙwanƙwasa har fistin ya narke. Don haka muke sa ɗan tanki a but ɗin mota da ƙaramin famfo, ya riƙa fesa tataccen ruwa da metanol, rabi da rabi, cikin iskar. Sai ta huce, mota ta ƙara ƙarfi. Shi metanol ɗin nan tas yake kamar ruwan sha, amma guba ne, kurɓi kaɗan ya isa ya makantar da mutum.

Akwai abokin aikina mai haɗa wayoyin mota, Sufeto. Ba ɗan sanda ba ne, ni na laƙaba masa sunan saboda sa ido. Shekara shida yana bi na da mita: in ɗiga shuɗi a cikin haɗin, in adana shi a jar jarka mai rubutu. Ni kuwa na ce shuɗi na toshe bakin feshi. Ƙarya ce, Yaya, ban taɓa gwadawa ba. Ban dai so a ce shi ya koya mini ba. A gorar ruwan sha nake awo, don lita ɗaya ce cif.

Ran Litinin da rana na fito daga ƙarƙashin mota, ƙishirwa ta ishe ni, na miƙa hannu kan benci na ɗaga gora. Sai da na haɗiye biyu maƙogwarona ya ɗau raɗaɗi. Na kurkure baki, na waiga, Sufeto na can ya cusa kai a cikin wata mota. Na mayar da gorar kan benci. Wallahi a lokacin ba mutuwa na ji tsoro ba, kallon da zai yi mini na ji tsoro. Jikina kuma garau, sai na ce ai shi ke nan. Ko ƙanwarki ban gaya wa ba, ga ta nan ta ajiye biro tana goge ido.

Washegari na je gareji da ciwon kai, komai nake gani kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Sau biyu ina kai hannu in ɗau sifana ina kuskurewa. Ashe yana kallo. Ya ɗau gorar, ya shinshina, ya dubi inda ta sauka. Bai tambaye ni komai ba, wuyan rigata kawai ya damƙa. Na turje, na zage shi tas a gaban masu mota, har na ce da shi munafuki. Ya jefa ni cikin motarsa, gorar na hammatarsa. Ita ya dangwarar a gaban likita.

Likitar ta ce da bai zo da gorar ba, da sun ɓata yini suna lalube. Nan take aka sa mini magani ta jijiya, aka jona ni da na'urar wankin jini. Rai dai ya tsira, alhamdu lillahi. Ido kuma ta ce sai an jira.

Ina jin tsoro, Yaya. Mai aiki irin nawa in babu ido ya gama. Ki yi mini addu'a, ki kuma sa Sufeto a ciki. Kullum yana zuwa ya zauna bakin ƙofa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan gida lafiya. Kin ga rubutun ya karkace? Nawa ne, da hannuna.

Wasiƙarki ta iso. Shafi uku na faɗa, layi biyu na addu'a! Na cancanci duka, na kuma gode. Sau huɗu na sa aka karanta mini, na biyar ni na karanta.

Ga yadda ta kaya. Idon dama ya dawo, ba duka ba, amma da tabarau ina karanta lambar sifana, ina kuma gane fuskokin yarana tun daga bakin titi. Na hagu ya tafi. Likitar ta ce jijiyarsa ta mutu, kwanan da na yi shiru shi ya cinye ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da na share hawaye na tuna saura ƙiris duka biyun su tafi, sai na rasa bakin godiya.

Makon jiya na koma gareji. Na tarar ya kwashe gorunan nan ya zubar, ga jar jarka, haɗin ya yi shuɗi shar. Na zuba a tankin motar da na bari, muka tayar. Feshi lafiya lau, ba abin da ya toshe. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba.

Sai na tsaya a gaban kowa, a daidai inda na zage shi, na roƙe shi gafara. Na ce idon da nake kallonsa da shi nasa ne. Mutumin nan, Yaya, cewa ya yi in daina ɓata masa lokaci, famfon na yoyo ta ƙasa. Na duba, yana yi kuwa.

Abu ɗaya ne bai faɗa ba, sai da na yi kwana biyu na lura. Bencinsa shekara shida yana can ƙarshen gareji, nesa da ni, don ni na ce ya matsa. Yanzu ya jawo shi ya kafa a hagu da ni. In mota na ja da baya ko an bar jak a hanya, sai in ji ya taɓa kafaɗata. Jiya na ce masa ai ko yanzu ba na ganinsa. Ya ce ba komai, shi yana ganina.

Ki gaida maigidan da yara. In kin zo, gidansa za mu fara zuwa, ke ma ki yi masa godiya, don tawa ni kaɗai ba ta isa ba.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta