Na Gyara Mata Kicin, Ta Koma Girki a Lungu

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin ya kai ni maƙura. Ni ba mai kai kuka ba ne. Tun da na bar makaranta a aji uku na sakandare na kama zarto, ban taɓa zuwa ƙofar wani ya koya mini zaman gidana ba. Kafinta ne ni, shekara talatin da ɗaya a sana'a. Da benci guda na fara a jikin katangar mutane, yau ina da shago da ma'aikata shida, gidan da nake ciki kuma da gumina na gina shi. Ba alfahari nake yi ba, so nake ki san wanda yake rubuto miki.

Maganar a kan kicin ɗin gidana ce. A da ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Tagarsa kamar ta kurkuku, bango ya yi baƙi, ƙusoshi ko'ina an rataye ludayi da rariya da murafan tukwane. A nan uwar 'ya'yana ta yi shekara ashirin da huɗu tana girki a zaune kan 'yar kujerarta, ni kuwa ina yawo gidajen mutane ina ƙawata musu nasu. Bara likita ya ce idonta ya fara rauni, ta rage aiki cikin duhu. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Da ta tafi jinyar yayarta har mako biyar, sai na ce ga dama ta samu. Ban gaya mata ba, so nake ta dawo ta sha mamaki. Na sa aka rushe bangon da ya raba kicin da falo, na faɗaɗa taga har ninki uku, na shimfiɗa farin tayil mai sheƙi, na buga kabad har sama. Ƙusoshin nan na zare su kaf. Tsofaffin gwangwanaye da kwalaben da take zuba gishiri da sukari da yaji na tattara a buhu na jefa bayan shago, na sayo fararen mazubai iri ɗaya guda goma sha biyu, na manna wa kowanne sunansa da ɗan rubutu mai kyau. Wajen yanke tsayin kantar girki kuwa, ko tef ɗin awo ban ɗauka ba. Ni da gwiwar hannuna nake aunawa, in rage tafin hannu ɗaya, kuma tun da nake ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Ranar da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta tambayi inda kujerarta take. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin ya yi kyau, har na fara kawo masu son a yi musu irinsa su gani da idonsu. Wata rana na zo da wani da matarsa suka zauna a falo, ita tana tsaye tana girki suna kallonta, na ce sai sun ci abinci. Da aka zuba, ashe sukari ta sa a miya. Matar ta ƙyalƙyale da dariya, ni ma na yi, har na ce ƙauyanci ne bai gama sakinta ba. Wallahi wasa nake yi.

Washegari ta ɗauki ƙaramin murhun gas ta kai lungun bayan gida, tsakanin katanga da tankin ruwa, ta nemo kujerarta a ɗakin shirgi, ta karɓo gwangwanaye wajen maƙwabciya. Yau wata biyu ke nan a can take girki. Kicin na nan fes, ba mai shiga sai ni in zan dafa ruwan shayi. Ba ta yi mini faɗa ba, abinci bai taɓa makara ba. Amma da can kullum sai ta ƙwala mini kira in zo in ɗanɗana gishiri, yanzu ta daina. Babbar 'yarmu ta zo daga gidanta ta ce wai don hoton waya na yi kicin ɗin, ba don uwarta ba. Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa!

Ga damina ta shigo. Makon jiya santsi ya kwashe ta da tukunya a hannu, gwiwarta har yanzu a kumbure take. Na ce ta dawo ciki, ta ce nan ma ya ishe ta. Malama, na gaji. Na gaji da shirun nan, na gaji da wucewa ta gaban aikin da na fi alfahari da shi ina kawar da kai. In ɗauke murhun in kulle lungun ne, ko in mayar da bangon in zama abin dariya a wajen ma'aikatana?

Naki,
Kafintan da Ya Gaji

Wa alaikumus salam Malam Kafinta. Allah Ya ba mai ɗakinka lafiya.

Niyyarka mai kyau ce, kuma kana da gaskiya a kan haske: idon da ya raunana yana bukatarsa, don haka tagar nan kada ka taɓa ta. 'Yarka ta yi maka tsauri. Ita ma mai ɗakin naka shirunta bai taimaka ba, da ta faɗi abin da ke damunta da an wuce wurin.

Amma sake karanta wasiƙarka. Da gwiwar hannun wa ka auna kantar? Matar da ta shekara ashirin da huɗu tana girki a zaune, ka tsayar da ita a tsayinka. Wanda idonsa ya yi rauni da hannu yake gani: ta san gishiri da murfin gwangwaninsa, ta san ƙusar da ludayi yake. Ka kwashe duk wannan ka ba ta mazubai iri ɗaya da rubutun da ba ta iya karantawa. Sukarin nan ba ƙauyanci ba ne, ido ne, kuma a gaban baƙi ya tona mata asiri, mijinta yana taya su dariya. Wannan ya kai ta lungu, ba tayil ba.

Kada ka kulle lungun. Yau ɗin nan ka kafa mata rufin kwano a sama, ka shimfiɗa abin da zai hana santsi. Sannan ka ba ta haƙuri a kan dariyar, kai tsaye, ba tare da kawo zancen wahalar da ka sha ba. Ka ɗauko buhun nan daga bayan shago ka wanke kayan da kanka. Masu son aiki kuma su kalli hoto, kicin ɗinta ba shago ba ne.

Bayan haka ka samu wuri kusa da ita ka zauna, ka kalli girki ɗaya daga farko har ƙarshe, ka ga inda hannunta yake kaiwa. Wannan karon ka ɗauki tef, ita za ka auna tana zaune. Ka sauke ɓangare ɗaya na kantar, ka sa maratayai inda ta nuna, ka tambaye ta ko sheƙin tayil yana kashe mata ido. Bangon ba lallai ya dawo ba. Ƙofa mai zamewa da gilashi mai hazo za ta bar haske ya shiga, ita kuma ta rufe in ta so. Amma ita za ta zaɓa. Ai ba ka taɓa buga wa baƙo ƙusa ba sai da ka tambaye shi abin da yake so, ballantana uwar 'ya'yanka.

Ma'aikatanka ba za su yi dariya ba, in ma sun yi, ba su ke cin abincin gidanka ba. Kada ka gaggauta ta. Za ka san an karɓi aikin ranar da ka ji an ƙwala maka kira ka zo ka ɗanɗana gishiri. Allah Ya kawo ranar da wuri, Ya bar ku tare cikin lafiya.