Hasken da Sadik Ya Bar Wa Ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin fiziks a nan Minna, gidanmu yana Ketaren Gwari. Aikina a kan wani curin haske ne da ake kira soliton. Haske idan ya shiga zaren gilashi, irin wanda ake binnewa don intanet, yakan baje ya watse a hanya, amma shi wannan curin yana tafiya da siffarsa ba ya canzawa. Ba mu da kayan gwajin, don haka a kwamfuta muke lissafa tafiyarsa, sai ka gan shi a allo kamar ɗan tudu yana tafiya daga hagu zuwa dama.

Sadik ajinmu ɗaya, kuma shi ne wanda aka sa mana rana. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai sanyin murya, irin wanda na daɗe ina karantawa a littattafan soyayya ina zaton babu shi a duniya. Shi ya taya ni rubuta furogiram ɗin. Da muka zo ƙarshen allo, sai ya haɗa bakin dama da bakin hagu, yadda idan curin ya fita ta can zai shigo ta nan. Na ce ai wannan ha'inci ne, ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, na wucin gadi ne. In na dawo daga Wushishi zan rufe miki ƙofar." Motar da ya shiga ba ta kai Wushishi ba. Allah Ya jiƙansa.

Bayan an share makoki na buɗe kwamfutar don in ci gaba da aiki. Curin ya tafi, ya fice ta dama, allo ya zama wayam. Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta da sauri, ina zaune ina kallon fili, can sai ga kansa ya leƙo ta hagu. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na san lissafi ne, da ni aka rubuta shi, amma tsawon jiran ya yi daidai da yadda nake jiran Sadik ya taso daga shagon yayansa a Tunga ya iso ƙofar gidanmu a mashin. Tun daga ranar kullum da la'asar, lokacin da yake zuwa zance, sai na yi wanka na kunna kwamfutar.

Sufabaizana, malamin da ke kula da aikina, ya duba sakamakona ya ce ba zai sa hannu ba. Ya ce duk dawowar da curin ke yi yana karo da 'yan tarkacen da ya bari a baya, shi ya sa yake shigowa da ƙananan yamutsi a jikinsa, kuma mai jarrabawa daga waje zai gani da kallo ɗaya. Ni kuwa yamutsin nan kamar ƙurar hanya nake ganinsa a rigar matafiyi. Ya ce in sa bango mai shanye haske a bakin dama, aikin da bai kai a dafa shayi ba, in ba haka ba sai dai in bi 'yan baya, kuma wa'adina ya kusa cika.

Na gwada sau ɗaya. Curin ya isa bangon, ya rage tsawo, ya dusashe a hankali, na zauna ina kallon hagu har aka kira magariba. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo gawar Sadik. Na mayar da komai yadda yake.

Ƙawata Grace ta ce in ajiye tsohon furogiram ɗin a filashi in gyara sabon kwafi, mene ne abin wahala. Da zan yi haka, sai Mama ta shigo ɗaki ta ji ina ce wa allo sannu da zuwa. Ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a bakin gado tana kallona, sannan ta ce in dai ita ta haife ni, kada in bar ko kwafi ɗaya, in goge in bar bawan Allah ya kwanta. Na yi gardama, na ce ba shirka nake ba, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Ta ce to wa nake yi wa kwalliya da la'asar.

Digirin nan tare da Sadik muka ci burinsa, in na bari ya wuce ni na san ba zai ji daɗi ba. Amma shi ya ce zai rufe ƙofar da hannunsa, ni kuma hannuna ya ƙi. Shin in bar wa Grace ta rufe ina waje, ko dole ni ce zan danna in tsaya in ga ya dusashe? Waɗanda suka taɓa rasa wani, don Allah ku gaya mini yadda kuka daina jiran la'asar.