Faifan Ƙarfe Takwas da Tokar Inna

Alhamis, 9 ga Mayu, 2024
Sun iso. Faifan ƙarfe takwas, irin na silba da ba ya tsatsa, kowanne faɗin murfin kwalba. Wata bakwai ina jira a dawo da su daga ƙasar waje, inda aka harba musu ƙwayoyin naitirojin suka nutse cikin fatar ƙarfen. Fatar ta yi tauri, sai dai siririya ce, ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. Digirina na biyu kacokan a kanta ya rataya: in nuna wannan dashen na naitirojin yana rage gogayya da cinyewar ƙarfe. Ban yarda da lokar ajiya ta makaranta ba, na kawo su gida Tudun Wada, na ɗora kan kabad.

Asabar, 11 ga Mayu
Na dawo daga suna a Gyallesu na tarar da Inna a bakin famfo, ga toka, ga soson ƙarfe, ga faifaina biyar a jere suna ƙyalli. Har da murmushinta: "Bahijja, kayan naki duk sun dafe, na ce ba za ki kai wa malamai haka ba." Duhun nan da ta kankare shi ne aikin! Uku suka tsira, su ma don la'asar ta yi ne. Uwa ce, ba dama in ɗaga murya. Na shiga ɗaki na ciji filo.

Lahadi, 12 ga Mayu
Ban ci tuwonta ba.

Talata, 14 ga Mayu
Dakta Nagoda, mai duba aikina, ya saurare ni yana latsa waya. Uku ba su isa ba, in ji shi, kuma mai jarrabawa daga waje zai zo a Yuli; in na rasa shi, sai baɗi. "Wa ya ce ki kai samfur gida?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Inna kuwa ko cokali ta gani ba ya sheƙi barci ba ya ɗaukarta. Shekara ashirin da shida na san haka, amma na ajiye mata ƙarfe a buɗe. Ni ce sakaryar.

Juma'a, 17 ga Mayu
Injin gwaji yau: ƙusa ta danne faifai, faifai yana juyawa, mu auna zurfin ramin da ta ci. Ukun da suka tsira da ƙyar ƙusar ta yi musu zane. Abin da nake nema ke nan, kuma bai isa ba. Ji na yi kamar in yi jifa da injin.

Litinin, 20 ga Mayu
Inna ta daina shigowa ɗakina. Ɗazu na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu Talatu ta katanga: "Ƙarfen ma taurin kai gare shi. Kwanona sau biyu nake murzawa ya haska, waɗannan tun azahar nake fama har yatsuna suka tsage." Wai ƙorafi ma take yi.

Tun azahar. Faifai biyar kacal.

Laraba, 22 ga Mayu
Na sa Malam Gwadabe, mai kula da ɗakin gwaji, ya duba gogaggun a madubin ƙara girma. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce fatar ba ta tafi duka ba, akwai wuraren da soson ya kasa ci. Ya ce in samo faifan da ba a dasa wa komai ba, hannun da ya goge waɗannan ya goge su, a kwatanta. Dakta ya ce hauka ne, amma zai iya zama babi guda a kundin digirina.

Lahadi, 26 ga Mayu
Na ajiye mata faifai biyar marasa dashe, da toka, da sabon soso. Ta dube su, ta dube ni. "Ba za ki sake ƙin cin abinci ba?" Na ce ta goge kawai kamar rannan, ina riƙe da agogo. Minti huɗu na farkon ya haska. Ta taɓe baki ta ce wannan ragon ƙarfe ne.

Ban ce na huce ba. Man kaɗanyar da na shafa mata a yatsu, don kada hannun ya ɓata min gwajin gobe ne kawai.