Motar da Ta Durƙusa Mini

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya ƙafafun, kumburin ya saɓe? Yaya numfashin? Ki gaishe mini da 'yarki mai jinyarki, Allah ya yi mata albarka. Mu nan lafiya lau, sai bayan nan nawa da ya zama abokin zama.

Na ga saƙonki cewa in daina kiran waya, kuma kin yi gaskiya. Ni in yi ta ihu har maƙwabta su san sirrinmu, ke ki yi ta gyaɗa kai ba ki ji komai ba. Tun da kunnuwanki suka yi ritaya, takarda ta fi mana. Dogo, ɗan nan nawa, zai riƙa ajiye miki in zai wuce aiki, ya karɓo amsa in ya taso.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, gari ɗaya muke, gada ce kawai tsakaninmu, amma rabona da in taɓa hannunki tun kafin likitoci su sa mini ƙarfe a baya. Ke ba kya barin gado, ni ba na lanƙwasuwa. Ban taɓa ba ki cikakken labarin ranar da muka gwada tasi ba. Dogo ya kama kafaɗu, direba ya kama ƙafafu, suka yi ta juya ni kamar katifa a ƙofar ɗaki. Zanena ya zame, yaran layi suna kallo, ƙarshe dai ban shiga ba. Na daɗe a kwance bayan nan, likita ya ce in aka sake, babu ruwansa. Tun ranar ban ƙara leƙa ƙofar gida ba.

To ga labari. Kin san tsohuwar bas ɗin ƙungiyar unguwarmu, mai kai tsofaffi asibiti da mata kasuwa. Ta gaji, sai an tura ta take tashi. Wata gidauniya ta yarda za ta biya kaso mafi yawa na sabuwa, mu mu cika sauran. Mai Kemis, shugaban ƙungiyar, ya roƙi a sayo irin wadda mutum ke shiga yana zaune a kan keken guragunsa, ba ɗauka ba cicciɓa. Da Dogo ya faɗa mini, a raina har na zaɓi mayafin da zan yafa in zo gidanki.

Sai gidauniyar ta aiko jami'arta, wata mata mai tabarau. Ta zaga unguwa daga kasuwa har makaranta, ta ce ita ba ta ga mai keke ko ɗaya ba. Ta ce irin waccan motar tana da tsada, kujerunta kuma kaɗan ne, gara a sayi mai ɗaukar mutane da yawa. Matan kasuwa suka goyi bayanta, kuma ban ga laifinsu ba, su ma a tsaye suke tafiya da kaya a ka. Amma fa raina ya ɓaci. Ta ina za ta gan mu? An hana mu mota don ba a ganinmu, mu kuma ba a ganinmu don ba mu da mota.

Za ta dawo ta yanke hukunci. Mai Kemis, da yake shi ke sayar wa kowane gida magani, ya san inda kowa yake kwance. Yana bin gida gida yana roƙon a fito da mu bakin ƙofa ranar da za ta zo. Na ce masa ban da ni. Ni da na yi wa rabin layin nan ɗinki, in zauna a ƙofa kamar hajar da aka baje? Ya tafi yana murmushi, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ki ci abinci ko ba kya so. Allah ya ƙara sauƙi.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi da ƙarfin jiki, 'yarmu kuma tana lafiya. Dogo ya ce ya same ki kina barci, bai so ya tashe ki ba.

Amsarki ta iso, kuma ban ji daɗinta ba. Wai in kwantar da hankalina, in ba mu haɗu a nan ba, ma haɗu a can. Tun muna yara haka kike, ki yanke magana ke kaɗai ki ce an gama. Na karanta, na yi kuka, na yi masifa ni kaɗai a ɗaki, sannan na sa Dogo ya sauko mini da keken ɗinki na hannu. Na ɗinka sabuwar riga. Na ce in dai sai an kalle ni, to a kalle ni da kyau.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba ki labarin ranar ba.

Da hantsi Dogo ya turo ni a keken guraguna ta zaure. Hasken ya kashe mini ido, sai da na daɗe kafin in ga komai. Da idona ya washe, na dubi dama, na dubi hagu. Tun daga famfo har kwanar masallaci, kusan kowace ƙofa a buɗe take, kuma kusan kowace da mutum a zaune. Wasu a keke, wasu a kujerar roba, wani a kan katifa an jingina shi da bango. Duk shekarun nan ina kwance ina ganin ni kaɗai Allah ya jarraba a layin nan, ashe bango ne kawai tsakanina da 'yan'uwana.

Na ga Hedimasta, wanda wallahi na ɗauka ya daɗe da rasuwa, har addu'a na sha yi masa. Yana nan da ransa, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, an sa masa babbar rigarsa ta zuwa taro. Tun daga nesa na gane ɗinkina a wuyanta. Na ga Mahauci, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙafa, ya rame har sai da ya yi dariya na gane shi. Na ga wata budurwa a gidan da ke kallon namu, kyakkyawa, an yi mata kitso. A gidan aka haife ta, a gidan ta girma, ban taɓa sanin akwai ta ba. Ta yi ta kallon sama, tana bin tsuntsaye da ido.

Da farko kowa kunya yake ji, kowa yana satar kallon kowa. Sai Hedimasta ya ɗaga hannunsa mai lafiya, a hankali, ya gaishe ni. Na ɗaga nawa. Mahauci ya ɗaga. Haka gaisuwar ta bi layi, ƙofa zuwa ƙofa, har inda idona bai kai ba. Tsigar jikina ta tashi, Yaya. Na rayu na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

A haka jami'ar ta iso. Ta sauka daga motarta a bakin famfo, ta tsaya. Ba wanda ya yi mata jawabi, Mai Kemis ma hannunsa a baya ya bi ta. Ta tako layin da ƙafa, tana tsayawa a kowace ƙofa tana gaisuwa. Da ta zo kaina ta tambaye ni ina zan fara zuwa in an samu motar, asibiti ko kasuwa. Na ce mata gidan Yayata, ƙetaren gada. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matan kasuwa. Shugabarsu, mai bakin nan da ba a iya mata, ta zo wucewa da kaya a ka, ta sauke, ta tsaya tana kallo. Ashe mahaifiyarta ma tana cikin waɗanda aka fito da su. A nan take ta ce su sun yafe kujerun, ƙafafunsu na aiki, za su ci gaba da tsayuwa.

Gidauniya ta amince. Saura namu kason. Ki jira ni, kin ji? Ba shawara nake ba ki ba.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu. 'Yarki ta kira ni jiya, ta ce jikin ya matsa, har an kawo miki tukunyar iskar numfashi gida. Ta ce ba kya iya riƙe biro yanzu. Kada ki damu da amsa, ni zan yi ta rubutu, ke ki yi ta karantawa.

Kuɗin unguwa ya cika. Ban san yadda aka yi ba, don unguwarmu ba ta masu hali ba ce. Matan kasuwa sun ajiye gwangwani a kowace rumfa. Mahauci ya sayar da firjinsa da ya daɗe a rufe. Ni na koma ɗinki, duk abin da ya shigo Dogo ya kai wa Mai Kemis. Wani tsohon direban motar asibiti da ya yi ritaya ya ce shi zai riƙa tuƙa ta kyauta.

Yanzu kuma jira muke, wai ana haɗa mata injin ɗaga keke. Kullum sai na aika a tambaya, har Mai Kemis ya fara ɓuya in ya hango Dogo. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Kada motar nan ta zo ta tarar ba ni da inda zan je.

Tun ranar nan ba mu koma ciki ba. Kullum da yamma ana fito da mu ƙofa, mu gaisa, mu yi gulmar masu ƙafafu. Budurwar nan ta gidan da ke kallonmu tana koyon sa maɓalli a wurina.

Ki sha maganinki. Ki yi numfashi a hankali, ba sauri muke ba, amma ki yi ta yi.

Taki,
Auta

*

Yayata, uwata, abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace, a kan cinyata nake yin sa, kuma abin da nake zaune a ciki tafiya yake yi.

Ta zo, Yaya. Fara ce, doguwa, tagoginta manya. Aka taru ana shawarar wa zai fara shiga, ni na yi shiru don kada a ce na cika son kai. Sai Hedimasta ya nuna ni da hannunsa mai lafiya, kuma ba wanda ya musa.

Direba ya buɗe ƙofar baya, ya danna wani abu. Sai wani faffaɗan faranti na ƙarfe ya fito, ya yi ta saukowa a hankali, har ya kwanta a ƙasa daidai gaban tayoyina. Na zuba masa ido na kasa motsi. Shekara da shekaru duk inda zan hau sai an cicciɓe ni, ana nishi, ina ba da haƙuri. Yau ga abu ya sauko inda nake, ya durƙusa, yana jira sai na shirya. Dogo ya miƙo hannu zai tura ni, na ce ya bari. Da hannuna na murza tayar na hau.

Sannan farantin ya ɗaga ni. Ba girgiza, ba ciwo, mayafina ko gocewa bai yi ba. Na yi ta tashi sama ina zaune da mutuncina, har na ga saman kan Dogo, na ga ashe furfura ta fara fito masa. Mutanen layi suka ɗauki tafi, Mahauci yana kuka kamar yaro. Direba ya ɗaure tayoyin da bel, ya tambaye ni ko na zauna daidai. Kai kawai na gyaɗa masa, irin naki.

Garin nan ya canza, Yaya! Itatuwan da na bari ana ba su ruwa a bakin titi yanzu inuwa suke yi. Shagon da muke sayen zare ya zama wurin gyaran waya. Da muka hau gada na ce Direba ya rage gudu. Ruwan yana nan yadda muka bar shi, yana ta ƙyalli, faɗinsa ya fi yadda nake tunawa. Na yi ta salati. Wai wannan ɗan ruwan ne ya raba ni da ke duk tsawon lokacin nan.

Ga mu a layinku. Na hango 'yarki a ƙofa tana ɗaga hannu, ta ce idonki biyu, ta ce kin sha kunu kaɗan da safe. Ta riga ta cire labule, ta matsar da kujeru don kekena ya wuce. Na hana ta faɗa miki komai.

Na san ba za ki ji ƙarar motar ba. Ba za ki ji sallamata ba, ba za ki ji tayoyina a tsakar gida ba. Shi ya sa zan ba ta takardar nan ta shigar miki da ita tukuna, kamar kullum, ki sa tabarau ki karanta a tsanake. Ni zan biyo ta a baya.

Kin ce ma haɗu a can. Allah ya kai mu, amma ba yau ba.

Idan kin kai nan, Yaya, ajiye takardar, ki ɗago kanki ki dubi ƙofa.

Taki,
Auta