Magajin Garin Montsauve Bai Iya Zama Ba

Montsauve, Oktoba

Solange matata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iskar teku ta karɓe ki. Na san na ce ina nan tafe da zarar an gama tsinkar inabi. An gama, ban zo ba. Ki saurare ni kafin ki yi fushi.

Za a rufe makarantar garinmu, wai yara sun yi kaɗan. Na buga waya Paris, waɗanda muka zauna majalisa tare duk sun mutu ko sun manta sunana. Jiya a gidan burodi tsoho Anselme ya ce, "Firmin, in ka tafi sai mu kashe fitila mu bi ka." Wasa yake, amma na kasa cin abinci. Mataimakiyata Coralie tana da ƙoƙari, sai dai ba ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

Zaɓe na watan Maris. Ina tunanin sake tsayawa, karo ɗaya tak.

Ki gaida ƙanwarki. Naki,
Firmin

*

Bakin teku, Nuwamba

Firmin,

Ina gaishe ka, da fatan kana shan maganinka.

Tun gashina yana baƙi nake jin "karo ɗaya tak". Kana aikin gwamnati na bi ka gari-gari, kana majalisa na raini yara ni kaɗai, ranar da na haifi autarmu kana can kana buɗe gada. Ban hana ka ba, yanzu ma ba zan hana ka ba.

Amma ka san wannan. Likita ya ce matsalar idona ba ta tabarau ba ce. Ganina ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Takardarka ma ƙanwata ce ta ƙarasa karanta mini. Ya ce nan gaba kaɗan ba lalle in riƙa gane fuska ba. Na ce, "Har ta mijina?" Ya yi dariya ya ce, "Madam, ai wannan kin haddace ta." Na ce masa ban cika ganinta ba.

Ka huta lafiya,
Solange

*

Montsauve, Janairu

Solange,

Gaisuwa. Kin hana a ba ni ke a waya, shi ya sa na rubuto da manyan baƙaƙe.

Na je ofishin shiga takara na tsaya a bakin ƙofa, na dawo. Washegari na haɗa akwati, na kai tasha, na dawo da shi. Coralie ta tare ni a matakala ta ce, "Shugaba, ko ka tsaya ko ka tafi, zirga-zirgar nan tana kashe mu." Na daka mata tsawa, ta bar ni na gama, sannan ta ce ita za ta tsaya, ko da ni ko ba ni.

Ban san abin da zan zama ba in ba magajin gari ba. Ki gaya mini ko har yanzu kina ganin jiragen ruwa ta taga.

Naki,
Firmin

*

Bakin teku, Afrilu

Coralie 'yata,

Barka da cin zaɓe. Ƙanwata ce ke rubuta mini.

Firmin yana nan wurina, a ƙarshe bai shiga takarar ba. Kullum da safe yana karanta mini jarida, shafin garinku kawai, yana faɗa. Ya riga ya yi rigima da magajin garin nan a kan fitilun titi. In mun fita yana riƙe hannuna, amma saurinsa ya yi yawa.

Ki aiko masa da takardun makarantar ya riƙa rubuta wa Paris, ko zai bar ni in sha shayina. Amma don Allah kada ki ce ya zo. In kika ce, zai zo.

Taki,
Solange