Sawu a Ƙarƙashin Daro

Kakuri, Kaduna
Lahadi, farkon damina

Zuwa ga mijina na ƙarya, Abdulmalik mai famfo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake, in aka cire gwiwa da kunne. Yaya Kudenda, yaya aiki, yaya ruwa? Kar ka ce me ya hana ni bugo waya. In kana magana cikin abin nan, ji nake kamar ka faɗa rijiya kana neman a miƙo maka guga. Gara takarda. Bokon yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka tallafe shi. Vicky maƙwabciyata za ta miƙa maka, tunda ta ƙofarka take bi zuwa kamfaninsu.

Ita ce ma ta tsegunta min wai tayoyin jif ɗinka sun suɗe, kana shirin sa mata faffaɗa irin na 'yan gayu, masu leƙowa waje kamar ƙafar agwagwa. To ja'iri, wa za ka burge? Matar taka ɗaya ce, ni ce, kuma ban gani ba balle in yaba.

Saurara ka ji. Kakanka, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara yana jan Landirobar masaƙa a nan Kakuri, yana kai malaman auduga duba gonaki. Ranar da ya ɗauko ni daga garinmu da cikin babanka, mun tarar da wani Alhaji a fadama, motarsa mai faffaɗan ƙafa tana iyo cikin taɓo, sai kuka take ba ta zuwa ko'ina. Shi kuma ya tattare babbar riga yana jero addu'o'in da shi kansa bai san ya iya ba. Kakanka ya sa giya ya ratsa ta gefensa kamar allura a zani, sannan ya dawo ya ja shi. Ya ce da ni, "Larai, faffaɗar taya kwanciya take a kan laka. Siririya kuwa yanka ta take, sai ta taka ƙasa mai ƙarfi." A rairayi ne faffaɗa take da baki, kai kuwa ba Agadas za ka ba.

Kai da kullum rabin tafiyarka kwalta ce, rabi daji, kana bin ƙauyuka gyaran famfon tuƙa-tuƙa, siririya ce taka. Ba ta shan mai, sitiyari kuma ba zai ƙara ƙwanƙwashe maka waɗannan hannuwan naka masu kama da sillen kara ba.

Ka je wurin Bello mai taya, bayan tsohuwar masaƙa. Yaron motar kakanka ne a da, yanzu shi ma furfura ta gama da shi. Ka ce Larai ce ta aiko ka.

Allah ya tsare hanya. Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Kakarka Larai

*

Kudenda
Asabar

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, kuma na karanta shi ba tare da na nemi tafinta ba, wanda wannan ci gaba ne.

Na bi umarni. Baba Bello ya shiga can ƙuryar shago ya fito min da sirara huɗu, na hannu ne amma haƙoransu da saura sosai. Ya karɓi tsofaffina. Dole in faɗi gaskiya ko da za ki yi wata guda kina min gori: jiya na ratsa fadamar Ungwar Baushe, inda bara na kwana biyu ina haƙa, ko tsayawa ban yi ba. Aibinsu ɗaya ne. Ta baya ta hagu ta rasa haƙora biyu a jere, duk inda ta taka sai ta bar giɓi a sawu. Na sa mata suna Larai.

Sai dai wani abu ya ɗan ɗaure min kai. Mutanen Ungwar Baushe sun san ni, sun san motar nan shekara biyu ke nan. Ranar Laraba na shiga garin lafiya, muka gaisa, na kwance kan famfo na tafi da shi gyara. Jiya da na koma duba bututu, mata na hango ni suka watse, suka bar bokitan da suka jera a layi suna jiran a dawo da kan famfo. Wata har da barin takalmi. Ko ruwan sha ba a kawo min ba. Malam Albert, hedimastan firamarensu wanda makullin famfon yake hannunsa, ya zo ya buɗe min, amma gaisuwarsa a taƙaice, idonsa kuma a ƙasa yake, wajen ƙafafun mota.

Wataƙila wani abin ne ya faru a garin. Ki gaishe da Anti Vicky.

Jikanki mai biyayya,
Abdulmalik

*

Kakuri
Litinin

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Wato ni ce mai giɓi ko? Za ka zo ka same ni. Haƙoran nan da ka ga babu, wajen tauna maka nama suka tafi, lokacin da kake da baki kamar na ƙadangare.

Batun mata kuwa, ni ban ga abin mamaki ba. Ka duba madubi kwanan nan? Ni ma haƙuri nake da kai don babu yadda zan yi. Wannan gemun naka mai kama da gonar da fari ya ci, ko akuya ta gani sai ta canza hanya.

Amma bari in ajiye wasa kaɗan. Matar ƙauye ba ta barin bokitinta a layi don ganin mummuna, in ba haka ba da babu mai shan ruwa a ƙasar nan. Kuma mutumin da ya saba kallon fuskarka, ya koma kallon ƙasa, akwai abin da yake karantawa a ƙasan. Tun da na karanta takardarka idona na hagu yake rawa. Na ce masa ya bari, bai bari ba.

In ka koma, ka ja hedimastan nan gefe ka tambaye shi. Ka tafi masa da burodi, ciki ba ya ɓoye wa mai ba shi. Kuma ka riƙa juyowa da la'asar sakaliya, ba na son tafiyar yamma a hanyar nan, ka san halin da ake ciki.

Allah ya kiyaye. Matarka mai giɓi,
Larai

*

Kudenda
Laraba

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. A gurguje nake rubutu, Anti Vicky tana tsaye.

Ban samu Malam Albert ba, an ce ya shiga Kaduna. Amma ga wani abin dariya da zan ba ki, ke mai son labari. Yau da zan fito daga Ungwar Baushe, daidai gangaren rafi, na ga daro kife a tsakiyar hanya, an ɗora masa dutse. Na ɗauka kaza aka rufe. Na sauka na ɗaga, babu komai a ciki, sai sawun tayata na safe, da giɓin nan naki raɗau a laka. Gaba kaɗan ga wani, wannan karon ƙwarya ce. Na ce lallai yaran garin nan sun rasa abin wasa. Na jera musu kayansu a gefen hanya don kar in take.

Gobe zan koma da sassafe in ɗaura kan famfon. Kwana takwas ke nan suna shan ruwan rafi, yara sun fara gudawa, ba zan iya ƙara musu kwana ba. Ranar Juma'a zan zo cin tuwo, a sa man shanu.

Naki,
Abdulmalik

*

Kakuri
Laraba da yamma

Abdulmalik,

Sallama. Ka karanta wannan a zaune.

Kai ɗan birni ne, ba laifinka ba ne. Ba yara ne suka kife daron nan ba. A ƙauye, in ɓarawo ya shiga gida ya fita, sawunsa ake nema. In an samu sai a kife masa ƙwarya a ɗora dutse, don kar ruwa ya wanke shi, kar dabba ta take, har masu bin sawu su zo su gani. Ina yarinya na ga an yi wa wani haka a garinmu. Sawun ya kai su har bukkarsa. Ba zan rubuta maka abin da ya biyo baya ba. Ba a kife wa sawun baƙon arziki daro, Abdulmalik. Kai kuma ka je ka ɗage, a idonsu ka ɓata shaida ke nan.

Ina gama karanta takardarka na ɗauki sanda na hau keke mai ƙafa uku zuwa wurin Bello. Da farko sai zille-zille yake, wai Hajiya taya ai taya ce. Na ce Bello, ni na yi maka wankin gyambo da hannuna lokacin da ba ka da kowa a garin nan, dube ni. Sai ya zauna a kan rim ɗin taya ya faɗa min. Ƙarshen daminar bara wasu mutum biyu suka kawo wata jif, ba lamba, suka ce a farfasa ta a sayar da kayan, a ranar. Bai tambaye su daga ina ba, su ma ba su bar suna ba. Komai ya shige, sai tayoyin nan huɗu, don babu mai son sirara. Suna ƙuryar shago wata tara, har ni na aika ka.

Ban san abin da motar nan ta aikata a dajin can ba. Mutanen Ungwar Baushe sun sani.

Kar ka fita gobe. Famfo ya jira. Ka cire su duka huɗun, ko a kan duwatsu motar za ta kwana. Ka nemi hedimastan a nan cikin gari ka yi masa bayani tukuna. Na roƙi Vicky ta kawo maka wannan kafin ta shiga aiki. Na buga wayarka sau shida, wata mata ce take ta surutu da Turanci.

Don girman Allah ka ji maganata sau ɗaya.
Kakarka

*

Ungwar Baushe
Juma'a

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ki fara riƙe wannan. Malam Albert ne zai kawo miki takardar nan da hannunsa, nan babu sabis.

Jiya na fito tun kafin gari ya gama wayewa, ban ma haɗu da Anti Vicky ba. A gangaren rafi na tarar an gitta gungume, 'yan sa-kai sun fi ashirin. Ba su yi min wani abu sosai ba, leɓena ne kawai ya fashe. Yanzu ina zauren mai unguwa, ana ba ni abinci.

Na gane ma'anar daron. Bara da damina wata mota ta shigo gonakinsu ta kwashi mutum huɗu. Uku sun dawo bayan an sayar da shanu. Na huɗun, Ernest, bai dawo ba. Babu wanda ya ga motar da kyau, sawunta kawai ta bari, ƙaninsa kuma ya ɗauki hoton sawun a waya. Jiya suka jiƙa ƙasa a dandali, suka tura jif ɗina a kai a gaban kowa, aka ɗora wayar a gefe. Kaka, ni kaina da na duba, babu bambanci. Matar Ernest ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya take min tun jiya: a ina na ajiye shi.

Malam Albert ya tsaya min. Ya ce ya san motata da wasu tayoyi. Suka ce mai laifi ai yana da na aiki, yana da na zuwa gaisuwa, gyaran famfon ma leƙen asiri ne. Na ce a kai ni wurin hukuma, suka ƙi, wai sun taɓa miƙa wani, bayan kwana uku suka gan shi yana cin tsire a kasuwa.

Mai unguwa dattijo ne. Ya ce in wanda ya sayar min ya zo ya faɗa da bakinsa, zai sake ni. Ya ba da zuwa azahar ɗin Lahadi. Ya ce bayan nan ba shi da ƙarfin riƙe samari.

Ki turo Baba Bello. Kar ki gaya wa Umma tukuna.

Na ɗaura musu famfon, da rakiya. Ruwa yana zuwa.

Ki yafe min, ki sa ni a addu'a.
Abdulmalik

*

Kakuri
Asabar

Maigidana,

Gaisuwa. Malam Albert zai riga mu isowa da wannan a kan babur.

Shagon Bello kwaɗo biyu ne a ƙofa. Maƙwabtansa sun ce tun ranar da na je na titsiye shi ya ce zai je ganin gida, kuma babu wanda ya san gidan. Ni na firgita shi, wannan ma nawa ne.

Na samu mai mota zai kai mu bakin rafi gobe da safe, daga nan sai a goya ni ko in rarrafa. Vicky za ta biyo ni, ita ce kunnena, kuma tana jin yarensu. Zan zauna gaban matar Ernest in faɗa mata duk abin da Bello ya faɗa min, ba ragi. In Alƙur'ani suke so in dafa, zan dafa.

Ka wanke fuska, kar in zo in same ka kamar marar mata.

Ka gaya wa mai unguwa, kai ba ka san siririya daga faffaɗa ba, tsohuwa ce ta zaɓa maka. In sawu suke bi, a ƙofar ɗakina ya tsaya, ga mai ɗakin nan tafe. Su jira ni.

Allah ya kai mu goben.
Larai